Ƙurar Zinari da Ruwan Bakolori

Ƙasar da ta haɗa Talata Mafara da Bakura da Maradun, wadda Gulbin Sakkwato ya ratsa ta, a zamanin da ba a san ta da haƙar ma'adinai ba. An dai san ta da noman fadama da kamun kifi da kiwo da rini, kuma an san ta da malamai, domin a Faru ta ƙasar Maradun ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana wa'azi a shekarun da ya yi cikin Zamfara kafin jihadi. Amma yau duk wanda ya tsaya a tashar Mafara bayan an gama girbi zai ga samari riƙe da diga da shebur da tocila, waɗansu sun nufi kudu wajen Anka da Bagega da Sunke, waɗansu dajin Maru, waɗansu kuwa ramukan da ke kusa da gida, kuma galibinsu 'ya'yan manoman da aka yi wa alkawarin noman rani ne shekara arba'in da wani abu da suka wuce.

Tun daga 2010, lokacin da gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a wannan shiyya, ana ta maimaita magana guda a kan waɗannan samari, wai an kai musu takunkumin hanci sun ƙi sawa, an kai musu injin niƙa da ruwa sun koma wa na ƙura, an ce su fitar da dutse daga gidajensu sun mayar da shi cikin dare, saboda haka jahilci ne da taurin kai, ko kuwa sun fake da ƙaddara. Ƙin da aka faɗa haƙiƙa ya auku, ba mai musun wannan. Abin da nake musu shi ne dalilin da aka ba shi, domin wanda ya bi tarihin ƙasar nan daki-daki zai tarar cewa mai haƙar zinari lissafi ya yi, lissafin mutumin da ake biya bisa buhu, wanda kuma ubansa da kakansa suka riga suka ɗanɗana abin da injin da hukuma ta kawo yake yi wa talaka.

An fara rubuta fitar zinari a Nijeriya ta Arewa cikin littattafan Turawa tun 1913, ya kuma bunƙasa a shekarun 1930, sa'ad da kamfanoni da ɗaiɗaikun Turawa suka bazu a ƙasar Minna da Birnin Gwari da Lardin Sakkwato suna neman lasisi. Yawancin aikin wancan zamani wankin yashi ne a bakin rafi: a ɗebi yashin ƙorama a ƙwarya ko tasa, a yi ta karkaɗawa cikin ruwa har mai sauƙi ya fice, mai nauyi ya kwanta. Aiki ne mai cin baya da gwiwa, amma jiƙaƙƙen aiki ne, kuma jiƙaƙƙen yashi ba ya tashi ya shiga huhu. Wannan abu ya cancanci a riƙe shi, domin masifar da ta zo daga baya ta zo ne ranar da aikin ya bar ruwa ya koma kan busasshen dutse.

Yaƙin Duniya na Biyu ya kashe wannan kasuwa, gama Ingila a lokacin kuza take bukata, bayan da Japan ta ƙwace Malaya. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi abin da tsofaffi suke kira ɗiban gwamna, aka riƙa raba wa En'e-En'e adadin mazajen da za su bayar, hakimi ya ɗora wa dagaci, dagaci ya ɗora wa mai unguwa, a tasa ƙeyar manoma zuwa filayen kuza na Jos, inda sanyi da yunwa da ciwon haƙarƙari suka kashe da yawa daga cikinsu. Lardin Sakkwato yana cikin waɗanda aka ɗiba. Sanin farko da mutumin wannan ƙasa ya yi wa babban aikin ma'adinai ke nan, aikin da aka tilasta masa, ribarsa ta tafi hayin teku, aka bar shi da tari.

Sani na biyu, na babban aikin hukuma, shi ne madatsar ruwan Bakolori, kuma a nan ya wajaba a dakata, domin ba za a fahimci zuciyar mutanen Mafara da Bakura da Maradun game da injin gwamnati ba sai ta wannan ƙofa. A tsakiyar shekarun 1970, da kuɗin mai, gwamnatin tarayya ta ba kamfanin Impresit na Italiya aikin gina madatsar ruwa a kan Gulbin Sakkwato, aka gama ta a 1978, tafkinta ya ci fili kamar kadada 8,000, aka kuma tsara ban ruwa ga kadada wajen 23,000 ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. An tashi mutanen Maradun da ƙauyukan kewaye daga fadamar kakanninsu aka mayar da su tudu. An hana waɗansu shuka shekaru a jere ana baje gonakinsu da katafila, an sare itatuwan ɗorawa da kuka da tsamiya, diyyar kuwa ta yi jinkiri, wadda ta zo ma ba ta isa hannun masu ita duka ba. Da manoma suka gaji da kai kuka suka tare hanyoyin aikin, sai a ƙarshen Afrilu 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, aka aiko 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan da ke maƙwabtaka. Gwamnati ta amsa mutuwar mutum ashirin da 'yan kai, alhali mutanen wurin da masu binciken da suka bi gida-gida sun lissafa fiye da 380.

Bayan jinin kuma sai injin ya gaza. Kashi mafi girma na filin, wajen kadada 15,000, an tsara shi ne bisa bututun feshi masu bukatar wutar lantarki da famfuna da kayan gyara daga Turai, kuma ba a yi nisa ba famfunan suka tsaya, bututun suka lalace ko aka kwashe, filin ya koma jiran damina kamar da, sai dai yanzu babu ambaliyar da take kawo taki, domin madatsar ta riƙe ta. Shinkafa da kifin fadamar da ke ƙasa da madatsar suka ragu ƙwarai. Sai a 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING wanda ya ɗauki gyaran Bakolori, yana mayar da ban ruwan zuwa magudanan da ruwa ke bi da kansa. Tsakanin lalacewar da gyaran an haifi zuriya guda ta girma, ba gonar rani, ba aikin yi daga kaka zuwa bazara face cin rani. Wannan zuriya ce farashin zinari ya tarar.

A 2001 oza ɗaya ta zinari tana wajen dala 270 a kasuwar duniya. A 2008 ta haye dala 1,000, a Satumba 2011 ta taɓa dala 1,900. Labarin ya iso ƙauye ta bakin dillalai, mutane suka bar yashin rafi suka bi jijiyar farin dutse cikin ƙasa, suna haƙa rami mai faɗin rijiya, suna sauka da igiya ko ta matakan da suka sassaƙa a bango, tocila ɗaure a goshi, guduma da cizal a hannu. Dutsen da aka fito da shi sai an farfasa shi ya koma kamar tsakuwa, sa'an nan a niƙa shi ya zama gari, kuma abin da ya fi kusa da hannu domin wannan niƙa shi ne injin niƙan hatsi na unguwa, da turmi da taɓarya na tsakar gida. Matan da ke cikin kulle suka sami sana'ar da ba ta bukatar fita, suna daka dutse goyo a baya, suna shanya garin a inda ake shanya gero, yara suna rarrafe a kai suna kai hannu baka. Ba wanda ya san cewa jijiyar da aka faɗa wa a ƙasar Anka da Bukkuyum tana ɗauke da dalma mai yawa, irin dutsen nan mai walƙiya da ake yin kwalli da shi.

Agwagi suka fara mutuwa, ba a kula ba. A Maris 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda ke yawon duba sanƙarau, suka ga sababbin kaburburan yara sun yi yawa a 'Yargalma da Dareta, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau ba ya tsayar da farfaɗiyar da ke kama yaran. Da aka kai jini awo sai aka ga dalma. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta yi a ƙauyukan biyu ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. Likitoci kan fara ba da maganin fitar da dalma in ta kai maikurogiram 45 a desilita na jini, amma na'urar awon da aka zo da ita, wadda iyakarta 65, ta kasa karanta jinin yawancin yaran saboda sun zarce ta. A waɗansu gidaje ƙasar tsakar gida ta haura kashi 100,000 cikin miliyan na dalma, alhali ƙa'idar Amurka a lokacin 400 ce. Adadin yaran da aka amsa sun rasu bai gaza 400 ba, waɗanda suka rayu da taɓuwar ƙwaƙwalwa ko makanta kuwa suna nan cikinmu, sun zama samari da 'yan mata. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Abin da ya biyo baya kashi biyu ne, kuma bambancin karɓar da aka yi wa kowannensu shi ne hujjata mafi ƙarfi. Kashi na farko share ƙasa. Injiniyoyin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith, tare da ma'aikatar muhalli ta jiha da masarautu, suka ɗauki mutanen ƙauyukan kansu aiki, da fartanya da shebur da buhu, aka kankare saman ƙasar kowane gida aka kai rami aka binne, aka zuba sabuwa. An yi haka a Dareta da 'Yargalma da Abare da Tungar Guru da Tungar Daji da Sunke da Duza cikin 2010 da 2011, sa'an nan Bagega a 2013, bayan da matasan Follow The Money ƙarƙashin Hamzat Lawal da ƙungiyar Human Rights Watch suka matsa wa gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin da ta yi alkawari. Magidanta, waɗanda aka ce masu taurin kai ne, sun buɗe ƙofofin gidajen da baƙon namiji ba ya shiga, sun bar matansu sun tafi asibitin Anka da na Bukkuyum sun yi makonni da yara ana ba su magani. Mutanen da suka yi wannan ba za a ce ba su damu da ran 'ya'yansu ba, ba kuma za a ce ba sa karɓar sabon abu ba.

Kashi na biyu shi ne gyaran aikin haƙar kansa, a nan kuwa aka yi ta cin karo. Bari mu tsaya a wurin niƙa mu duba da kyau. Fili ne a bayan gari, injuna jere ƙarƙashin rumfar buhu, kowane inji da yaron da ke zuba tsakuwa ta sama da wanda ke tarar gari ta ƙasa. Ƙurar fara ce, tana kwanciya a gira da gashin baki har saurayi ya yi kama da tsoho, mai abinci tana gefe da robar shinkafa da wake, ana ci da hannun da bai ga ruwa ba. Mai dutse ba ya matsawa daga bakin injin, idonsa a kan buhunsa, domin buhun nan shi ne rabonsa na kwana da kwanaki a ƙarƙashin ƙasa, bayan an fitar da na ubangidan da ya ciyar da su da na mai gona, kuma bai san ko giram nawa ne a ciki ba sai an wanke. In an gama yakan sa a buɗe injin a kakkaɓe masa abin da ya maƙale. Daga nan a kai garin kan katakon wanki da aka shimfiɗa wa kafet, a zuba ruwa, a wanke kafet ɗin a baho, a ɗiga zaiba a murza da tafin hannu har ta kama zinarin, a matse a ƙyalle, a ƙona ɗan dunƙulen a fili, zaibar ta tashi hayaƙi, zinarin ya rage.

To, ka zo wa wannan mutum da takunkumi a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ka ce ya sa ya yi ta ɗaga guduma. Cikin sa'a guda gumi da ƙura sun toshe shi, numfashi ya yi nauyi, aiki ya ragu, na gobe kuma sai ya saya da kuɗinsa, in ma akwai shi a kasuwa. Ka ce ya kai dutsensa babban injin niƙa da ruwa, irin wanda ma'aikatar ma'adinai ta tarayya ta kawo bayan masifar tare da hanyar iGoli ta cibiyar Mintek ta Afirka ta Kudu, wadda ke fitar da zinari ba da zaiba ba. Zai tambaye ka, Malam, wa zai biya kuɗin ɗauko dutse zuwa can, wa zai sayi ruwan a tsakiyar rani, kwana nawa zan yi a layi, in ya lalace wa ke da kayan gyaransa, kuma in buhuna ya shiga cikin wannan tukunya ya gauraya da ruwa, yaya zan san zinarina bai bi ruwan ba, ko bai kwanta a gindin injin ya zama na mai injin ba? Ka ce ya ƙona dunƙulensa cikin rufaffiyar tukunyar ƙarfe mai bututu wadda ke kama hayaƙin zaiba, zai ce ba ya sa dukiyarsa inda idonsa ba ya gani, kuma dillali kan rage kuɗi in launin zinarin ya dushe. Ka ce kada ya kai dutse gida, zai ce in ya bar shi a daji kafin asuba wani ya ɗauke. Kowace ɗaya daga cikin amsoshin nan gaskiya ce a ma'aunin mai faɗarta, kuma illar da ake tsoratar da shi da ita, ciwon huhu da na ƙoda da raunin jijiya, ba ta bayyana ga babba sai bayan shekaru, alhali yunwa da bashin ubangida na yau ne.

Akwai kuma tsoro. Da masifar ta bayyana, abin da hukuma ta fara yi shi ne hana haƙar, saboda haka waɗansu ƙauyuka suka riƙa ɓoye mutuwar yara da musun cewa ana niƙa a cikinsu, don kada a rufe musu hanyar abinci. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce ƙananan masu haƙa su kafa ƙungiyoyin gama kai su yi rajista, amma takardun da kuɗin da zirga-zirgar sun fi ƙarfin mai diga, don haka galibinsu a idon doka masu laifi ne. Mutumin da ya san ana iya kama shi gobe ba zai rubuta sunansa a littafin injin gwamnati ba, ba kuma zai kashe kuɗi ya tokare bangon ramin da bai tabbata zai kwana a hannunsa ba. Ɗan wanda aka auna gonarsa da sunan ci gaba a 1977, da wuya ya ga ma'aikaci da takarda da na'ura ya zaci alheri.

Wannan hali ba na Zamfara ba ne ita kaɗai. A Ingila, bayan da Humphry Davy ya ƙago fitilar da ba ta kunna iskar ramin kwal a 1815, ma'aikata da yawa sun fi son kyandir, domin haskenta ya yi rauni kuma su bisa yawan kwal ake biyansu, har sai da aka riƙa kulle fitilun kada a buɗe su a ƙasa. Masu ramukan kuwa suka yi amfani da ita wajen tura mutane wuraren da a da ba a iya shiga saboda hatsari. A Amurka, a ƙarshen ƙarni na 19, George Leyner ya ƙera injin huda dutse mai tura ruwa ta cikin ƙarfen, amma an daɗe kafin ya game, domin kamfanoni na ganin tsada, ma'aikatan kwangila kuma na ƙin jiƙewa da jinkiri. A ramukan zinarin Johannesburg ƙurar dutse ta cinye mazaje dubbai kafin dokokin diyya na 1911 da 1912, kuma ruwa bai zauna a aikin ba sai da doka ta ɗora nauyinsa a kan kamfani, aka sa masu duba, aka mayar da shi sharaɗin aiki ga kowa. A ko'ina, muddin kariya tana rage abin da ma'aikaci zai kai gida, shi kaɗai kuma aka bar wa nauyinta, to yakan ajiye ta. Bambancinmu da su shi ne a can akwai kamfanin da za a kama, a Sunke da Bagega kuwa mai arzikin da zinarin ke ƙarewa a hannunsa yana Gusau ko Kano ko Dubai, ba ya cikin littafin kowa.

Game da ƙaddara, gaskiya ne ana jin mai haƙa yana cewa in kwana ya ƙare ko a kan gado sai a tafi. Amma ni a ganina wannan magana ta mutumin da ba shi da zaɓi ce yana lallashin zuciyarsa kafin ya kama igiya, ba aƙida ce da ya karanta ba. Malamanmu ba su taɓa raba tawakkali da riƙon sababi ba, kuma a cikin larurorin nan biyar da shari'a ta zo ta tsare, rai da hankali da zuriya suna gaba da dukiya, su ukun kuwa dalma tana taɓa su. Da limamai da sarakuna suka shiga maganar a 2010, suka ce a fitar da niƙa bayan gari, an ji, an fitar, mutuwar yara ta ragu ƙwarai tun kafin a gama share ƙasar. Sai dai akwai wata mas'ala a fiƙihun Malikiyya da ba a cika ambata ba a wa'azin da ake yi wa talaka: mashhurin mazhaba shi ne al'amarin ma'adinai yana hannun shugaba, shi ke ba da shi bisa maslahar jama'a. Tsarin mulkin Nijeriya ma ya ajiye ma'adinai a hannun tarayya. Wanda aka ba iko da abu, shi ke da alhakin kawar da mafsadarsa. Kuma ya kamata mu 'yan wannan yanki mu tuna cewa garuruwan nan uku sun ba Zamfara gwamnoni uku, Ahmad Sani na Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, da Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023, shekara ashirin ke nan cikin rayuwar jihar da aka ƙirƙira a 1996, saboda haka ba mu da damar cewa masu mulki ba su san hanyar ramukan ba.

An gwada wata hanya a Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja, inda irin wannan guba ta kashe yara kusan talatin a 2015. A can MSF da ƙungiyar OK International suka zauna da masu haƙar, ba su ƙwace musu injinsu ba, suka dai ɗaura masa 'yan bututun da ke fesa ruwa kamar hazo a bakin inda ƙura ke tashi, suka gina wurin wanka da wurin sauya tufa da wurin cin abinci nesa da niƙa, da wurin ajiyar dutse mai tsaro. Awon da aka yi ya nuna dalmar da ke cikin iska ta ragu da kashi 95 cikin ɗari, ƙurar dutsen da ke cin huhu kuma da kashi 80, dalmar jinin ma'aikatan ta sauka da kusan kashi ɗaya cikin uku. Mai dutse yana tsaye a bakin injin da ya sani, buhunsa bai gauraya da na kowa ba, rabonsa bai ragu ba, saboda haka ya karɓa.

Da an bi wannan a Zamfara da an yi nisa, amma bindiga ta riga shi. A Nuwamba 2016 'yan bindiga suka kashe masu haƙar zinari fiye da talatin a wani rami a ƙasar Maru, kuma sannu a hankali ramuka da yawa suka koma ƙarƙashin ikon masu daji, suna karɓar rabo, wani lokaci suna tilasta wa mutanen ƙauye aiki. A Afrilu 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta haramta haƙar ma'adinai a jihar baki ɗaya. Haƙar ba ta tsaya ba, ma'aikacin lafiya da mai koyar da fesa ruwa su ne suka daina zuwa ramukan, kuma wanda ke tsoron barin dutsensa a daji ya sami ƙarin dalilin mayar da shi ɗaki. MSF ta miƙa aikinta ga gwamnatin jiha a 2022 bayan ta auna jinin yara fiye da dubu takwas. A Disamba 2024 ministan ma'adinai Dele Alake ya ɗage haramcin, lokacin oza ta haura dala 2,600, wato jan da rami ke yi wa saurayin Bakura ya ninka na 2010.

Abin da ake bukata a wurin niƙa bai fi ƙarfin maƙeran Talata Mafara da masu walda da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau ba: tanki, ɗan famfo, tiyo, kan feshi, ɗakin ajiya mai kwaɗo biyu, da rijiyar burtsatse a kowace mahaƙa, a ƙasar da ke da tafkin da ya riƙe ruwa kubik mita miliyan 450. Wuyar tana wajen rabo. Yau kuɗin man inji da abincin 'yan rami da na mai gona duk ana fitar da su daga kan dutse kafin a raba, kuɗin ruwa da takunkumi da katakon tokara ne kaɗai aka bar wa aljihun mai diga. Sarkin Mafara da Sarkin Burmin Bakura da Sarkin Ƙayan Maradun, tare da shugabannin masu haƙa da dillalan da ke riƙe da sikeli, suna da ikon da za su ce daga yau waɗannan ukun ma daga kan dutse za a fitar da su, ubangida da dillali su ɗauki nasu kason, kuma injin da ba shi da ruwa kada a kai masa buhu a ƙasarsu.